Masu Gudun Asabar

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Babba da Auta da mutanen layi. Ya ƙafar? Ya ɗinki? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin ƙasar mutane da ya tsattsaga min leɓe.

Za ki ce me ya kawo takarda alhali ga waya. Kunnenki ne ya jawo. In na kira, Babba ce ke riƙe da wayar tana maimaita miki da ƙarfi, Auta na maƙale a kafaɗarta, kin ga ba kowace magana ce za ta fita ba. Wannan zan ba wani mutumin garinmu da ya kawo mahaifinsa aikin ido, jibi zai koma. Na san nauyin da na ɗora miki. Kakata da kakarki ne suka haɗa uwa, wasu masu irin wannan nisan ko gaisawa ba sa yi, ke kuwa kin kwashi 'ya'yana kin zuba a ɗakinki. Allah ya saka.

Malama tana gaishe ki. An mai da ita wani ɗaki a hawa na sama na asibitin, ita kaɗai, da babbar taga da kujerar da ke miƙewa ta zama gado. A kanta nake kwana. Ranar Talata likita ya zaunar da ni, shi da mai fassara. Ya ce sun gama nasu, ba za a ƙara mata ruwan nan mai sa ta amai ba. Yanzu ba ta jin zafi, barci take sosai. Ya ce in ta ɗan samu ƙarfin zama a jirgi, gara mu dawo gida ta kasance cikin 'ya'yanta. To, haka ake ciki.

Bari in ba ki abin dariya. Akwai wata nas 'yar gajeruwa mai zuwa da safe. Ta lura kullum ina hawa da sauka a matattakala ba dalili, sai ta tambayi Malama ko lafiya nake. Malama ta ce mata, ai mijina ɗan tsere ne a makaranta, kafin gyaran firji ya ba shi tumbi. Shi ke nan nas ta ce suna da ƙungiya, duk Asabar suna haɗuwa su yi gudu a dajin da ke kan dutsen bayan gari, ba gasa ba, kuma baƙo ma yana shiga. Na ce ina ni ina gudu. Malama ta ce, “Dogo, ka tafi. Ka tasa ni gaba kana kallo kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ka je ka zo min da labari, na gaji da na likitoci.” Washegari nas ta kawo min takalmin wanta a leda.

Ranar Asabar na gudu tare da su. Bas na hau har tashar ƙarshe, na tarar da su a wani filin ajiye motoci a gindin dutsen suna miƙe ƙafafu. Tsofaffi da matasa, wata da karenta, wani ƙato da ke numfashi kamar firjin da injinsa ya kusa mutuwa. Shugabarsu mace ce mai usur a wuya. Ta yi bayani da yarensu, nas ta fassara min: ba a barin kowa a baya. Akwai wani tsoho mai farin gemu da aikinsa ke nan, shi ne na ƙarshe kullum, sunan da suke kiransa in an juya shi Tsintsiya ne.

Hanyar siririya ce tsakanin dogayen itatuwa, ga saiwoyi sun fito kamar jijiyar hannun tsoho, ga taɓo, ga wani rafi da aka gitta wa gungume. Ana busa usur na manta shekaruna. Na wuce mai kare, na wuce ƙaton, har na wuce nas tana min ihu. Ba a je ko'ina ba ƙirjina ya kama wuta. A bakin rafin santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo. Kowa ya zo ya wuce yana dariya yana dafa kafaɗata, har ƙaton. Tsintsiya ya miƙo min hannu, muka ƙarasa hawan tare, rabi gudu rabi tafiya.

Daga sama ana ganin garin duka. Na gano asibitin, amma tagogin sun yi ƙanana, ban iya ware tata ba. Aka buɗe fulas ɗin shayi, aka raba ayaba. Wani ya tambaye ni me ya kawo ni ƙasarsu, na ce yawo. Nas ta kalle ni, ta ci gaba da shan shayinta. Yaya, tun da muka sauka a ƙasar nan, ranar ce kawai na yi rabin yini ba wanda ya dube ni da idon tausayi. Ni ne dai dogon baƙon da ya faɗa taɓo.

Da na dawo sai da Malama ta sa na maimaita mata faɗuwar, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ki shafa min kan yaran.

Ƙanenki, Dogo

*

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya lau. Ƙafa da sauƙi, sai in na daɗe a kan keken ɗinki. Babba tana ta karatun jarrabawa, Auta ta yi mura ta warke. Ya jikin Malama? Kodayake ai ka riga ka ba mu amsa, alhamdulillahi!

A shago takardarka ta same ni. Da idona ya faɗa kan “na gudu” gabana ya yanke ya faɗi, na ce yaron nan gudu ya yi ya bar matarsa a ƙasar mutane? Sai da na gyara tabarau. Kai Dogo, da tumbin naka! Da ina wurin da na fi kowa dariya.

Amma ba wannan ba. An gama magani, zafi ya tafi, likita da bakinsa ya ce ku taho gida. Sau nawa na karanta wurin nan ban sani ba. Na ce wa zuciyata kada in yi gaggawa, sai na tuna labarin gudun. Mutumin da matarsa ke kwance rai a hannun Allah ba ya tafiya tsere a daji. Nan na tabbatar. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na tari yaran a hanyar makaranta na ce, albishirinku, Mamanku ta warke, suna hanya. Auta ta yar da jaka a titi tana tsalle. Babba dai ka san ta, muna isa gida ta hau wanke-wanke.

Mun ɗauki makulli mun buɗe gidanku. Ƙura kamar ba a taɓa zama ba. Mun share, mun wanke labule, mun shanya katifa. Bangon ɗakinku duk ya yi dabbare-dabbare, na ce mai jinya ba za ta dawo ta kwanta tana kallon wannan ba. Auta ce ta zaɓi fenti, ruwan ƙwai. Mu uku muka shafa, har yanzu akwai shi a gashina. Na kuma leƙa makarantar su Malama na gaya wa shugabar kada ta ba wani ajinta. 'Yan ajin sun ce za su yi mata waƙa.

Na yanko yadi zan yi mata riga ta saukar jirgi. Na san ta rame, ka auna min kafaɗa da ƙugu ko da igiya ce, ka aiko. Kuma ka faɗa mana ranar.

Ka daina wuce mutane a hawa, kai ba yaro ba ne.

Yayarka

*

Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu lafiya. Ya Malama?

Shiru. Matar da na ba takarda ta dawo tun tuni, ta ce hannu da hannu ta ba ka, amma ba ta ga Malama ba, ka ce tana barci. Ba ka ba ta amsa ba, ba awo, ba rana. In ka kira kuma Babba ta ce min ba ka wuce “muna nan, ku yi ta addu'a.” Addu'ar me kuma, ban da ta godiya?

Auta ta hana a rufe tagar ɗakinku, wai warin fenti ya fita kafin ku iso. Kullum sai mun biya mun duba. Mutanen layi sun dame ni da tambaya, har na fara bin bayan gida in za ni shago.

In matsalar jirgi ce ka faɗa. In wani abu ne kuma, ni ba yarinya ba ce. Yadin yana nan a kan tebur, ban sa masa almakashi ba.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ni ina nan. Malama jiki ya yi nauyi.

Takardunki biyu duk sun iso. Ta farkon a matattakala na karanta, na kasa tashi daga wurin. Yaya, ba warkewa ta yi ba. Da likita ya ce sun gama nasu, nufinsa ba abin da ya rage da za su iya. Ciwon ya bazu. Zafin da ba ta ji, allura ce mai ƙarfi suke mata. Gidan da ya ce mu dawo, don ta cika a cikin 'ya'yanta ne. Na ɗauka na rubuta miki haka. Da na sake tunani sai na ga na nannaɗe maganar, na kuma lulluɓe ta da labarin taɓo da ayaba. Hannuna ne ya ƙi rubuta kalmar. Ki yafe min.

Na yi ta yawo da takardarki a aljihu ban san ta inda zan fara ba. Da Asabar ta zagayo na sake bin masu gudun, don in na zauna a ɗakin Malama tana karanta fuskata. Ranar ruwa ake yi. Wannan karon ban wuce kowa ba. Muna tsakiyar hawa ƙafafuna suka tsaya, ba gajiya ba, kawai suka ƙi. Na zauna a kan wata saiwa. Kowa ya wuce, sai Tsintsiya. Ya tsuguna yana gyara igiyar takalminsa da ba ta kwance ba. Ni ba na jin yarensa, shi ba ya jin nawa. Na nuna masa ƙasa wajen gari, na nuna zoben hannuna, na girgiza kai. Ya gane. Ya zauna kusa da ni cikin ruwan. Na yi kukan da ban yi a gaban likita ba, ban yi a gaban Malama ba.

Da muka isa sama muka tarar da su duka a tsaye sun jiƙe sharkaf, ba wanda ya sauka, ba wanda ya buɗe shayi. Shugabar ta miƙo min kofin farko. A ƙafa muka sauko gaba ɗaya. Na hau bas na koma, na tarar da komai yadda na bar shi.

Na karanta wa Malama takardarki, don ta ce ta san akwai abin da nake ɓoyewa. Sai ta ce, “Ruwan ƙwai? Wannan aikin Auta ne.” Ta ce in gaya miki rigar ki ɗinka ta a kan awon Babba. Ta ce a ba shugabar makaranta haƙuri, ta nemi wani malamin.

Maganar jirgi ta mutu. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi sai da roba a hanci, likita ya ce ba za ta kai ba. Na tambaya ko za a iya kawo yaran, aka ce takardunsu ba za su fito a kan lokaci ba.

Saura abu ɗaya, kuma na san ba adalci. Ki gaya musu. Ba na so su ji ta waya, Babba tana maimaitawa da ƙarfi. Ni na ɓata, amma ke ce a kusa.

Dogo

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Allah ya sassauta wa Malama, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Da na gama karantawa na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Na ce Dogo ya sa na ɗaga yaran nan sama don in sake su. Sai na ɗauko takardarka ta farko. Komai yana ciki. Ni ce na karanta abin da raina ke so.

Na bari suka dawo makaranta suka ci abinci. Na zaunar da su a bakin gado na faɗa musu ba kwana-kwana, don na ga abin da kwana-kwana ya jawo. Babba ta ce, “Na sani, Gwaggo. Baba in abu ya yi daɗi ba ya iya yin shiru a waya.” Na ce to me ya sa kika bari muka yi ta shafa fenti? Ta ce, “Auta tana cin abinci.” Yarinyar nan ita kaɗai ta riƙe wannan duk kwanakin nan, tana kwana kusa da ni ban sani ba.

Auta ta ce ƙarya nake. Ta ce ai ni na ce ta warke, wanne za ta yarda da shi? Tun ranar ba ta yi min magana ba. In na zuba mata abinci sai Babba ta ɗauka ta miƙa mata sannan take karɓa. Ban ga laifinta ba.

Ranar da takardar nan ta same ka, ka kira in sun taso daga makaranta. Ka sa wayar a kunnen Malama, ko ba ta iya amsawa, su yi nasu. Ni zan fita waje in ba su wuri, dama ba ji zan yi ba.

Maganar da na yi cewa mai mata a kwance ba ya zuwa tsere, na janye ta. Bakina ne ya yi sauri. In ta ce ka je, ka je. Kai ma mutum ne.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar ba ta tashi ba da zirga-zirgar masu gaisuwa. Ni lafiya, ina cin abinci, kada ki damu. Rasuwar kin riga kin ji a bakin Babba. Yadda aka yi ne ban iya faɗa ta waya ba, kuma wannan karon zan rubuta shi a miƙe.

Ba na wurin.

Bayan ta ji muryar yaran ta samu natsuwa, har ta sha ruwan lemo kaɗan. Safiyar Asabar na farka na ga idonta biyu, tana kallona. Ta ce yau ba ranar gudunku ba ce? Na ce na daina. Ta ce, “Tashi ka je. Yau na ji daɗin jikina, barci zan yi. Ka gaida tsohon nan.” Na ce a'a. Ta juya fuska bango, ta ce in ban je ba kada in ƙara yi mata magana. Kin san ta in ta kafe. Na sa takalmi tana kallo, na gyara mata filo, na fita.

Ranar garin ya yi haske, hanya ta bushe. Ban faɗi ba, ban tsaya ba. Yaya, abin da ya fi ci min rai ke nan: na ji daɗin gudun. Ƙirjina ya buɗe, na kai sama cikin na tsakiya, ƙaton nan ya rungume ni. Wayata tana cikin jaka a motar shugabar, a gindin dutse. Da muka sauko na ga kiran asibiti a jere.

Na tarar an cire mata robar hancin, an lulluɓe ta. Nas ɗin da ke aiki ta ce ba ta wahala ba, ba a daɗe da fitata ba barci ya ɗauke ta, daga nan shi ke nan. Ta ce sun sha ganin masu jiran nasu ya fita tukuna. Ko don ta kwantar min da hankali ta faɗa, ban sani ba. Ko Malama ta san abin da take yi da ta kore ni, shi ma ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

A nan aka binne ta, a wata maƙabarta a gefen gari. Mutanenmu kaɗan da ke asibitin sun zo. Can baya na hango wasu a tsaye cikin manyan riguna masu duhu, ban gane su ba sai da na ga farin gemun Tsintsiya. Ban taɓa ganinsu cikin kayan mutane ba. Ba su matso ba har aka gama, sannan suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ba ni hannu. Shugabar ce ta yi ta kai ni ofisoshi a motarta har takardu suka kammala.

Mutane za su tambaya ko a hannuna ta cika. Ki ce musu abin da kika ga dama. Amma in Babba ko Auta suka tambaya, kada ki rufe min. Ki ce ubansu yana kan dutse yana gudu.

Jirgina ranar Alhamis ne. Kada kowa ya zo tarya. Jaka biyu zan sauko da su, tawa da tata, kuma ban san yadda zan shiga da su gaban yaran ba. Shagonki zan fara zuwa. Ki bar min benci a ciki in ɗan zauna, in kin tashi sai mu tafi tare, ke a gaba.

Ƙanenki, Dogo